Ƙawata da Ta Daina Turo Murya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da ajiye aikin jinya ba, 'yata ta zo hutu Kazaure ta ɗora mini babbar waya a cinya, ta ce, "Umma, ki daina zama kina sa wa kajin gidan nan ido." Kuma da gaskiyarta. Macen da ta saba tun da sassafe tana kan ƙafa, daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin allura, sai ga ni a tsakar gida ina bin diddigin wace kaza ce ta yi ƙwai, wace ce ta yi ƙiwa.

Koyon wayar bai zo mini da sauƙi ba. Na taɓa danna kiran bidiyo ga surukina ba ɗankwali a kaina, bakina cike da goro. Amma a hankali hannuna ya faɗa. Sai aka saka ni a wani guruf na tsofaffin ma'aikatan jinya da ungozomomi na yankinmu, 'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura har da 'Yankwashi. Wallahi farkon abin daɗi ne. Matan da rabona da su tun muna ɗaukar goyo, sai ga muryarsu a ɗakina. Ana tuna wahalar da aka sha, ana tsokanar juna, ana cigiyar wance.

Abin da ba mu lura da shi ba, ƙafa ta fara ɗaukewa. Da can in an yi wa ɗayarmu rasuwa ko haihuwar jika, sai mu cika mota. Da guruf ya kafu, sai ka ga an rubuta addu'a an ɗora hoton hannuwa biyu, shi ke nan an fita haƙƙi. Gwiwoyi sun tsufa, hanya ba daɗi, ga waya a hannu. Ni ma haka nake yi, har ina jin ni gwanar zumunci ce.

A cikinmu akwai ƙawata. Tun makarantar koyon jinya muke tare, gado ɗaya muka raba a shekararmu ta farko saboda nata ya karye. Aka tura ta Babura, ta auri wani mai fataucin hatsi a can, ta zauna. Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, Allah ya yi wa mijin rasuwa. Ɗanta yana aiki a Abuja, 'yarta tana aure a Kaduna. Ita kaɗai ta rage a gidan, sai wata mata 'yar tsallaken iyaka da ke haya a ɗakin da ke kusa da zaure.

Ƙawata ita ce bakin guruf ɗin. Ba ta san rubutu gajere ba, murya take turowa, doguwa, kana jin zakara yana cara a bayanta, tana ba da labari tana tsayawa ta yi ciniki da mai kayan miya sannan ta dawo ta ci gaba daga inda ba nan ta tsaya ba. In wata ta rubuta kalma ba daidai ba, ita ce mai gyarawa. Mukan yi mata tsiya, amma in ba ta yi magana ba ranar ba ta da armashi.

Cikin wata damina sai muryar ta ɗauke. Ba wai ta ɓace ba, a'a. Kullum da safe sai ta turo hoton furanni da "Barka da asuba", ranar Juma'a ta turo hoton masallaci. Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Can sai ga rubutu: "mura ce ta dushe mini murya". Na ce Allah ya sawwaƙe, na ba ta shawarar citta da zuma kamar ba ita ta koya mini ba. Bayan kwana biyu na sake kira, ta katse. Ta rubuto wai tana Islamiyya. Amma rubutun duk a harhaɗe, haruffa sun hau kan juna. Matar da ke gyara wa mutane rubutu.

Na kira tsohuwar shugabarmu, wadda ke zaune a Roni. Ita ta horar da yawancinmu, Yaya muke ce mata, kuma har yau in ta yi tsawa sai na gyara zama. Na ce, "Yaya, ni fa hankalina bai kwanta da mutuniyar Babura ba."

Ta ce, "Wace irin magana ce wannan? Ba ita ce ta turo fure ɗazu ba? Ke dai kin rasa aikin yi."

Maigidana ma, wanda tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya zama ba abin da ke raba shi da labaran duniya a waya, haka ya ce. Ya miƙo mini tasa, ya ce, "Hajiya, dubi, an nuna tana kan waya yanzu haka. Me kuma kike nema?"

Na ce, "Alhaji, ita nake nema, ba wayarta ba. Gobe Babura za ni."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya san in na yi irin wannan muryar ba a tanka mini. Sai ya ce, "To ki tafi da lema."

Washegari na jefa na'urar awon jini a jaka, abin da na saba ko biki za ni, na nufi tasha. Ƙaramar bas ce, aka cusa ni tsakanin buhun taki da wani bawan Allah mai rungume da ɗan akuya. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, amma ni ba ta shi nake ba, ina ta shirya abin da zan ce in na same ta garau tana tuƙa tuwo. Na san sai ta yi shekara tana ba da labarina a guruf.

Da na yi sallama, mai hayar nan ce ta fito. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Hajiya ba ta nan." Amma idonta na kan yatsun ƙafarta.

Na ce, "To madalla, zan jira ta a ciki."

Ta ɗan tare hanya, ta ce, "Don Allah, Hajiya, ta sa na yi rantsuwa." Sai hawaye. Na dafa kafaɗarta na ce ba ke kika faɗa ba, ni na shigo da ƙafata.

Ƙawata jinin Barebari ce ta wajen uwa, gidanta tun daga zaure turaren wuta ke tarbar mutum. Ranar ba ƙamshin komai. Na ɗaga labule na same ta a kan katifa a ƙasa, an jingina ta da filo. Wayar tana hannun hagu. Hannun dama yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba, bakinta ya karkace gefe guda. Ba sai an gaya mini ba, shanyewar ɓarin jiki ce.

Ta kalle ni, ta yi ƙoƙarin jan mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar maganar ta fito, kalma na jan kalma. "Wa ya ce ki zo?"

Na durƙusa na ɗaura mata na'ura a hannu. Abin da ya nuna sai da ya sa na sake awon, ko na'urar ce ta lalace. Ba ta lalace ba.

Mai hayar ce ta ba ni labari. Ƙawata ta faɗi ne tana alwala, fiye da mako guda da ya wuce. Ita mai hayar ta ja ta zuwa ɗaki, ita ke dafa mata abinci, ita ke kai ta banɗaki. Ashe tun rasuwar mijin ta yi watsi da maganin hawan jininta. Da abin ya same ta sai ta koma sha a ɓoye, tana jiran ta warware ba wanda ya sani. 'Ya'yanta in sun kira sai ta katse ta rubuta musu cewa sabis ne ba kyau. Su kuma suna ganin furanni kullum, sai hankalinsu ya kwanta.

Na dubi ƙawata na ce, "Ke ma'aikaciyar jinya ce. Da wata kika samu a haka, me za ki yi mata?"

Ta daɗe kafin ta haɗa amsar. Ta ce abu biyu take tsoro. Na farko, ɗanta ya daɗe yana so ya ɗauke ta ya kai Abuja, in ya gan ta haka ba za ta sake kwana a ɗakin mijinta ba. Na biyu kuwa, sai ta ɗaga wayar ta ce, "Kin manta ta Gwiwa?"

Ban manta ba. Wata abokiyar aikinmu ce, mace mai tsafta da kamun kai, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba hijabi. Da ciwonta ya yi tsanani, wata mai ziyara ta ɗauke ta hoto a gadon asibiti, kai ba ɗankwali, roba a hanci, ta saka a guruf wai a taya ta da addu'a. Hoton ya bi duniya. Har bayan rasuwarta, 'ya'yanta suna cin karo da shi a wayoyin mutanen da ba su ma san ta ba.

Ƙawata ta ce, "Gara in mutu a nan."

Na riƙe hannun nan da ba ya motsi na ce, "Na yi miki alƙawari tsakanina da Allah, ba mai ɗaukar ki hoto ina numfashi. Abuja ma zan yi iya ƙoƙarina. Amma asibiti yau za ki, kuma ɗanki yanzu zan kira."

Ta ce, "In kin kira shi, ba ni ba ke."

Na san ba wasa take ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Na lalubo lambar ɗan nata. Ban fita waje ba, don ban so ta ce na ci amanarta a bayan ido. A gabanta na kira, na ce, "Ɗana, ka nemi wuri ka zauna, zan gaya maka magana." Ta juya fuskarta bango.

Kafin la'asar mun samu motar wani maƙwabci mun iso asibiti a Kazaure. Aka tura mu Kano hoton ƙwaƙwalwa. A can ɗanta ya same mu. Babban mutum da gemunsa, ya tsaya a baranda yana nuna mini wayarsa yana kuka. "Mama, duba, ko jiya da safe ta turo mini. Ta yaya zan sani?" Na ce ba wanda ya ce laifinka ne, share hawayenka kada ta gani.

Da likita ya ce za a iya sallamarta a ci gaba da gashi da motsa jiki, sai ɗan ya ce shi fa Abuja zai wuce da ita. Na ja shi gefe. Na ce, "Kai da matarka kuna fita aiki tun safe. Wa zai zauna da ita? A bene za ka ajiye ta tana kallon bango. Ka ba ni ita. Gidana ƙasa ne, asibiti kusa, aikin nan kuma shi na yi har na tsufa." Ya ce nauyin ya yi yawa. Na ce ban tambaye ka nauyinsa ba. Muka kira maigidana, ya ce, "Ɗakin baƙi ai a share yake." Da ƙyar yaron ya yarda, bisa sharaɗin in ba sauƙi zuwa lokacin kaka zai zo ya ɗauke ta.

To nan fa aka shiga wani sabon babi. Ƙawata tana gidana, ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta magani, amma ba ta yi mini magana. Har toshe lambata ta yi a waya, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. In tana da saƙo sai ta jira maigidana ya leƙo gaishe ta, ta ce, "Alhaji, ka gaya wa matarka miyar ba gishiri." Shi kuma ya juyo da fuskar gaske ya ce, "Hajiya, an ce miya ba gishiri." Ni kuma in ce, "Ka gaya mata haka za ta sha ta." Ina dariya a gabansu, amma in na shiga kicin wani lokaci sai na share ido. Ban dai fasa komai ba. Kullum sai na zuba wake a faranti na sa ta tsince da hannun dama, tana harara ta tana tsinta.

Guruf kuwa, na san labari zai fita ko ban faɗa ba. Don haka na yi musu murya da kaina. Na ce 'yar'uwarmu ba ta da lafiya, tana gidana a Kazaure, tana samun sauƙi. Na ce addu'arku muna so, amma ƙafarku muka fi buƙata, kuma duk mai zuwa ta bar wayarta a jaka. Kafin azahar addu'o'i sun cika guruf har wayata ta yi zafi. Waɗanda suka zo a makon farko kuwa, ba su cika tabarma ɗaya ba.

Sai ga Yaya daga Roni, da ƙullin gyaɗa da kwalbar zuma. Ta zauna ta yi wa ƙawata nasiha mai daɗi, har na ga fuskarta ta saki. Na fita ɗauko ruwa. Ina dawowa na tarar Yaya ta ɗaga waya tana saitawa, tana cewa, "Ɗan gyara zama, 'yan guruf su ga kin samu sauƙi." Ƙawata ta ƙanƙame mayafi da hannu ɗaya, idonta ya firfito, bakin ya ƙi ba ta haɗin kai ta ce a'a.

Ban san lokacin da na dire kofin na riƙe hannun Yaya ba. Matar da ko inuwarta ba na takawa a wurin aiki.

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba a ɗauka."

Ta ce, "Ni kike riƙe wa hannu? Ai na riga na ɗauka ma."

Na ce, "To a goge shi yanzu, ina gani."

Ta ce ita da alheri ta zo, ba ta san gidana ya zama barikin soja ba. Na ce na san da alheri kika zo, wadda ta ɗauki ta Gwiwa ma da alheri ta je. Ta goge, ta nuna mini, ta ɗauki jakarta ta fita ko rakiya ba ta jira ba. Kafin ta isa Roni ta fice daga guruf.

Na dawo na zauna a bakin katifa. Sai na ji an taɓa ni. Da hannun dama ne, yatsun suna rawa. Ƙawata ta ce, "Ke dai har yanzu ba ki da kunya." Maganar farko da ta yi mini ke nan tun Babura. Muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, har maigidana ya leƙo ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya koma.

Bayan 'yan kwanaki na hau mota na je Roni. Na durƙusa wa Yaya na ce riƙe hannun da na yi rashin ladabi ne, ta yafe mini, amma maganar hoto ko yau aka sake haka zan ce. Sai ta ce ita ma hoton ta Gwiwa yana cikin wayarta, ta kasa gogewa ta kasa kallo. A gabana ta goge shi. Da ta koma guruf, ita da bakinta ta kafa doka: ba a sake saka hoton marar lafiya ko gawa. Kuma ita ta fara tambayar, "Wa zai je Kazaure ranar Talata?" In Yaya ta yi tambaya kuwa, ba a amsa mata da hoton fure.

Daga nan gidana ya koma kamar ɗakin hutun ma'aikata. 'Yan Gwiwa su zo da nono, 'yan 'Yankwashi da zogale, mai hayar nan ta Babura ma takan zo ta kwana biyu. Tsofaffin ma'aikatan jinya sun samu majinyaciya guda, kowa na ba da umarni. Ƙawata ta fara takawa daga katifa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin dalbejiya. Da aka yi girbi ɗanta ya zo da niyyar tafiya da ita, ya tarar da ita a tsaye da sanda tana yi wa kajina faɗa. Babura ya kai ta, ba Abuja ba. Wata ƙanwar mijinta da ita ma ta rasa nata mijin ta dawo gidan da zama.

Ban jefar da wayata ba, ga shi ma da ita nake rubuta muku wannan. Ba don guruf ɗin ba da ban san muryarta ta ɗauke ba, da kuma ba mu iya tsara masu zuwa ba. Abin da na gane kawai shi ne, mu da muka manyanta mun iya ɓuya, kuma wayar nan ta ba mu wurin ɓuya mai kyau. Tsoho ba ya son ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa, ba ya son a gan shi a kwance. Da yatsa ɗaya zai tura "lafiya lau" ga mutum hamsin, kowa ya koma harkarsa. Shi ya sa yanzu in na ga ɗayarmu ta koma tura abin da wasu suka rubuta kawai, sai na kira. In ba ta ɗauka ba na sake kira. In ta ƙi, na ɗauki mayafina. Sau da yawa nakan tarar da mutum garau, in sha tsiya in sha fura in dawo. Sun sa mini suna 'yar sandar guruf, ban damu ba.

Hannun ƙawata bai koma daidai ba har yau, kuma in ta gaji harshenta yakan yi nauyi. Da na je mata kwanakin baya muna zaune a tsakar gida, ta ce ita fa har yanzu ba ta gama yafe mini kiran ɗanta da na yi ba. Na ce kada ma ta yi gaggawa, don ko gobe ta sake ɓoye mini ciwo, a gabanta zan sake kiransa.

Ta ce, "Na sani. Me kike tsammani ya sa nake shan maganina?"